Kwamfutata tana sandarewa haka kawai, na yi fomatin sau biyu a banza

Autan_Gida:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana ku taimaka min, abin nan ya kusa sa ni surutu ni kaɗai. Kwamfutar tebur ce ba laftof ba, ta kusa shekara biyar a hannuna, Windows 10 ne a kanta, ram giga 16 sanda biyu takwas-takwas, SSD ɗaya, wato dis ɗin ajiya mai sauri, wanda Windows ɗin yake kai, sai wani tsohon had dis da nake jibge hotuna da bidiyo. Wata biyu kenan ta tsiro da wani hali, ina cikin aikina sai kawai ta sandare ƙam, ba shuɗin allo ba wani saƙo ba komai, abin da ke kan sikirin ya tsaya yana kallona ina kallonsa, fanka tana ta juyawa abinta kamar ba abin da ya faru, sai dai in danne botin ɗin kunnawa har ta mutu sannan in sake tayar da ita.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ba ta da lokaci. Wata rana sau uku kafin azahar, wata rana kuma sai ta yi kwana huɗu lafiya lau har in fara cewa alhamdulillah ta warke, sai ta maimaita. Kuma ba wai sai na ɗora mata aiki mai nauyi ba, na taɓa barinta tana haɗa bidiyo na awa biyu ta gama ba ko tari, amma jiya wasiƙa kawai nake bugawa, shafi huɗu ban yi sebin ba, ta tafi da su.

Ga abin da na riga na yi don kar a maimaita min: na yi fomatin sau biyu, na biyun ma ban sa komai ba sai burauza da manhajar rubutu amma kwana biyu ta dawo da halinta. Na bincika bairos ba a samu komai ba. Na kai wa mai gyara ya hure ƙura ya sa sabon man furosesa, ta kwana biyu a wajensa ya ce shi bai ga komai ba, lafiyarta ƙalau, ina dawowa da ita gida a daren ta sandare, har kunya na ji in sake kiransa kar ya ce ni ne matsalar. Na duba Event Viewer, wajen da Windows yake rubuta abubuwan da suka faru da injin, kamar yadda na ga ana cewa, abin da kawai nake gani da jan tambari shi ne Kernel-Power lamba 41, wani ya ce min wai wannan yana nufin akwatin wutar ne ya lalace in sayi sabo. Kafin in zubar da kuɗi na ce bari in tambaya tukunna. Na gode.

Baban_Yara:

Wslm. Ɗan'uwa zafi ne wlh, ni ma tawa ta taɓa min haka, da na buɗe ƙurar da ke maƙale a fankar furosesa kamar auduga. Ka sauke HWiNFO ka ga zafin, in ka ga yana kai 90 zuwa sama to shi ne. In ba shi ba kuma ka koma Windows 11 kawai tunda dama Microsoft sun daina kula da 10 ɗin tun Oktoban 2025, ƙila wani ofdet ne ya rasa.

Tsohon_Makaniki:

Wa alaikumus salam. Baban Yara ka karanta bayaninsa kuwa? Ya ce an hure ƙura an sa sabon mai, kuma ta yi awa biyu tana haɗa bidiyo ba ta tsaya ba. Injin da zafi ke damunsa a lokacin aiki mai nauyi yake faɗuwa, ba lokacin buga wasiƙa ba, kuma furosesa na zamani in ya kusa iyakarsa, wajen digiri 95 zuwa 100 gwargwadon irinsa, rage gudu yake yi da kansa, in abin ya ƙi sai ya kashe injin ɗungurungum. Ya duba ɗin dai ba laifi tunda minti biyar ne, amma ban sa rai a can ba. Maganar canza Windows kuwa a ajiye ta tukunna, mutumin da ya yi fomatin sau biyu bai ga canji ba ai an riga an gaya masa cewa ciwon ba a manhaja yake ba, ko kuma a ce da wuya ya zama a can.

Auta, kar ka sayi komai yanzu. Wannan lamba 41 ɗin ta sa mutane da yawa sun sayi akwatin wutar da ba sa buƙata saboda sun ga kalmar wuta a sunanta. Abin da take faɗa kawai shi ne an kashe injin ba ta hanyar da ta dace ba, wato kai ne ka haife ta da hannunka lokacin da ka danne botin. Windows yana rubuta ta ne bayan an sake tashi, tare da 'yar'uwarta 6008. Ba ta san dalili ba, shaidar mutuwa ce kawai ba sakamakon asibiti ba. Abin da za ka nema shi ne abubuwan da aka rubuta a minti biyu ko uku kafin sandarewar, har da masu ruwan ɗorawa ba sai ja kaɗai ba. Ka shiga ɓangaren System ka lura da waɗannan: in ka ga WHEA-Logger, musamman 18 ko 19, ƙarfe ne ke kuka, galibi furosesa ko ram ko wutar da ke zuwa musu. In ka ga Display 4101, direban katin hoto ne, wato manhajar da ke tuƙa katin, ya suma aka farfaɗo da shi, dama Windows daƙiƙa biyu yake ba katin in bai amsa ba sai ya sake tayar da direban. In kuwa 129 ka gani daga storahci, ko 153 ko 7 ko 51 daga disk, to wajen ajiya za mu nufa. In Event Viewer ya yi maka yawa ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta perfmon /rel, zai jera maka abin rana-rana, ya fi sauƙin karantawa.

Amma abin da na fi so ka yi min ba ya buƙatar sauke komai. Kalmar "ta sandare" ɗin nan ciwo kusan huɗu ne ake kira da suna ɗaya, kuma mu masu gyara abin da ke wahalar da mu kenan, mai kaya ya ce ta tsaya, in ka ce yaya ta tsaya sai ya ce ai tsayawa kawai. In ta sake yi maka kar ka yi saurin kai hannu ga botin, ka zauna ka kalle ta kamar mai jinya. Ka motsa maus, kibiyar tana tafiya ko ta kafe? Ka danna Caps Lock, 'yar fitilar da ke kan kibod tana kunnuwa tana mutuwa? Wannan fitilar ba kibod ne ke kunna ta da kansa ba, sai Windows ya ba da umarni, saboda haka in tana amsawa to ran injin bai fita ba. Ka danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, in ka ji ɗan ƙara sikirin ya ƙifta ya dawo to katin hoto ne. In akwai sauti a kunne, ya yanke nan take ne, ko ya maƙale yana zzzz a wuri ɗaya, ko ya ci gaba na ɗan lokaci? Sannan ka sunkuya ka kalli 'yar fitilar dis da ke gaban akwatin, tana ƙiftawa, a mace take, ko ta kunnu ta tsaya? Ka duba agogon hannunka ka ba ta minti biyar cur kafin ka kashe, wani lokacin tana dawowa da kanta kuma wannan ma amsa ce.

Ka samu takarda, ta gaske ba a cikin kwamfutar ba, duk lokacin da ta yi ka rubuta rana da lokaci da abin da kake yi. Kuma dan Allah daga yau abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda. In ka canza biyar rana ɗaya ta daina, ba ka san wanne ba ne, in ta dawo bayan wata uku ka koma farko.

'Yar_Lissafi:

Slm. Duk abin da Baba Makaniki ya faɗa haka ne, amma ni da za a tambaye ni ram zan fara zargi, domin shi ne sarkin rashin tsari. Ram mai ɗan lahani yana iya yin sati bai nuna ba don sai wani abu mai muhimmanci ya faɗa daidai gurbin da ya lalace, yau hoto ne ya sauka a wajen ba ka ma lura ba, gobe wani yanki na Windows ne sai injin ya kife. Shi ya sa za ka ga aiki mai nauyi ya wuce lafiya ƙaramin aiki ya kayar da ita. Ni na sha wannan, wata uku ina zagin manhajar lissafin da nake aiki da ita ashe sanda ɗaya ce daga cikin biyu.

Ka samu filash wanda ba komai a ciki ka sa manhajar gwajin ram ta MemTest86 ka tayar da injin daga kansa, ka bar shi ya yi zagaye huɗun nan nasa, zai ɗauki awanni don haka da dare ya fi, ka kwanta ka bar shi. Akwai na cikin Windows wanda ake kira da mdsched amma gsky bai kai wancan tsanani ba, ya ce min lafiya lau a kan sandar da MemTest86 ya kama a zagaye na biyu. Kuskure ko ɗaya ne ya fito to ba lafiya, babu wani "ai ɗaya ne kawai". In ya fito sai ka cire sanda ɗaya ka gwada kowace ita kaɗai, sannan ka canza mata rami, don wani lokacin ramin ne ba sandar ba.

Sannan ka leƙa BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka ga ko saitin gudun ram da ake kira XMP a kunne yake. Mutane ba su san cewa wannan gudun da aka rubuta a jikin kwali, misali 3200, sau da yawa sai an kunna XMP ake samunsa ba, in ba haka ba irin wannan DDR4 ɗin a 2133 ko 2400 yake tashi. To XMP ɗin nan tura kaya ne sama da gudunsu na asali, wani injin ya ɗauka shekara da shekaru wani kuma daga baya ya fara gajiya. Kashe shi na sati ɗaya ba ya cin ko sisi. Kuma sandunan naka tare aka saye su ko daga baya ka ƙara ɗaya? in iri biyu ne ka faɗa mana.

Autan_Gida:

Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Yi haƙuri na kwana uku shiru, jira nake ta yi, kun san ranar da kake nemanta ranar take lafiya.

Baban Yara na duba zafi, digiri 41 in tana zaune, da na matsa mata ya kai 72 bai wuce ba. Anti 'Yar Lissafi sandunan tare suka zo, XMP dama a kashe yake, MemTest86 ya kwana yana yi ya gama huɗun ba kuskure ko ɗaya.

Baba Makaniki kuma wlh ka yi gaskiya, ashe ban taɓa kallonta da kyau ba haushi ne kawai yake sa ni kai hannu. Yau da safe ta yi ina sauraron karatu a burauza, sai na zauna na zuba mata ido. Ashe ba lokaci ɗaya take mutuwa ba! Farko shafin da nake rubutu ne ya yi fari-fari, amma maus yana tafiya sarai, Caps Lock ma yana amsawa, karatun kuma ya ci gaba kusan rabin minti sannan ya yanke. Na danna Start bai buɗe ba, na danna Ctrl Alt Del shiru, duk abin da na taɓa sai ya mutu a hannuna ɗaya bayan ɗaya, agogon ƙasa ya tsaya a 9:14, can wajen minti ɗaya da wani abu sai maus ɗin ma ya kafe. Fitilar dis kuwa a kunne take jawur ba ƙiftawa ko kaɗan. Na jira minti biyar ba ta dawo ba na kashe. A Event Viewer yau ba komai kafin 41 ɗin, amma da na koma baya na ga 129 na storahci ɗin da ka ce har sau shida a sati biyu, masu ruwan ɗorawa ne shi ya sa ban taɓa kula su ba, kuma na tuna akwai ranakun da take ɗan tsayawa kamar rabin minti ta dawo, ina zaton su ne. To SSD ɗin ne ya mutu kenan? shekararsa biyu kacal fa, ni na sa shi da hannuna.

Tsohon_Makaniki:

Yauwa, yanzu ka yi magana. Kafin komai, yau ɗin nan ba gobe ba, ka kwashe duk abin da ba ka son rasawa daga SSD ɗin zuwa wani wuri. Bayan nan sai mu yi bincike hankali kwance.

Abin da ka kwatanta shi ne injin da hanyarsa ta zuwa wajen ajiya ta yanke. Duk abin da ya riga ya hau ram yana ci gaba da rayuwa, shi ya sa maus ke yawo, shi ya sa karatun ya ci gaba har guntun da burauza ta riga ta ɗebo ya ƙare. Amma duk wanda ya miƙa hannu yana son karanto wani abu daga dis sai ya shiga layi ya tsaya jiran amsar da ba za ta zo ba, Start ya shiga layi, Ctrl Alt Del ya shiga layi, a ƙarshe kowa yana layi. Lamba 129 kuwa ma'anarta Windows ya gaji da jira ya sake tayar da hanyar, ranar da dis ɗin ya amsa sai ka ga ta dawo bayan rabin minti, ranar da bai amsa ba sai botin. Wannan ne ma ya sa ba ka ganin komai a rubuce a ranar babbar sandarewa, littafin da Windows zai rubuta kukansa a kan dis ɗin da ya ɓace yake, ina zai rubuta? Da ram ne ko furosesa yawanci komai lokaci ɗaya yake ƙamewa, maus da fitila da sauti, sautin ma ya maƙale yana zzzz. 'Yar Lissafi shawararki ba ta tafi a banza ba, ai yanzu mun cire ram daga lissafi da hujja.

Amma kar ka yanke wa SSD hukunci tukunna. Tsakaninsa da bod, wato babban allon da komai ke haɗe a jikinsa, akwai abu uku da kowannensu zai iya yin wannan aika-aikar: wayar SATA mai kai saƙo tsakaninsu, ramin da aka soka ta, da wayar wutar da ke shiga SSD ɗin. Ka sauke manhajar duba lafiyar dis ta CrystalDiskInfo, kuma kar ka tsaya a shuɗin akwatin da ke sama mai cewa lafiya, ka gangara cikin jerin. Layin 05 yana ƙirga guraben da suka lalace aka maye gurbinsu, a had dis kuma ka haɗa da C5 da C6, waɗannan in suna hawa dis ɗin kansa ne ke tafiya. Wanda na fi so ka karanto min shi ne C7. Shi ba lafiyar dis yake ƙirgawa ba, yana ƙirga sau nawa saƙo ya lalace a hanya tsakanin bod da dis, kuma in ya yi yawa kusan kullum waya ce ko bakinta. Ka duba lambar da ke can ƙarshen layin ta dama, ka rubuta ta a takardarka, gobe ka sake dubawa. Ka duba na tsohon had dis ɗin ma, don dis na biyu mai ciwo yana iya riƙe injin gaba ɗaya ko da Windows ba a kansa yake ba, na sha ganin wannan, cire shi kawai ake yi injin ya miƙe.

Tunda ka ce kai ka sa shi da hannunka, wace waya ka yi amfani da ita, sabuwa ko wadda ka tarar a ciki? Bakin wayar SATA ta ciki ba a yi shi don yawan cirewa da mayarwa ba, wajen sau 50 aka ƙayyade masa, kuma marasa ɗan ƙarfen maƙalewa suna saki a hankali da girgizar fanka da zafi da sanyi. Wannan zai iya bayyana abin da ya faru wajen mai gyaran ma, an ɗauki akwati an jijjiga wayar ta zauna, an dawo da shi an jijjiga ta saki. Ba ƙarya ya yi maka ba.

In C7 sifili ne sai mu duba wasu biyu. Na farko manhajar cikin SSD ɗin kanta, kamfanoni suna fitar da gyara a shafinsu. Ba wasa ba ne wannan, a farkon 2012 sai da Crucial suka fitar da gyara ga samfurinsu m4 saboda in ya cika awa 5,184 a kunne sai ya daina amsawa, in an sake tayar da shi ya yi awa ɗaya ya sake, mutane suna ta canza ram da akwatin wuta ashe agogon cikinsa ne. Na biyu kuma dabarar tsimin wuta da ke sa hanyar dis ta yi gyangyaɗi in ba aiki, wani SSD ɗin ba ya farkawa da kyau, kuma wannan ya dace da injin da ke faɗuwa a ƙaramin aiki ya tsaya daram a babba. Amma ɗaya bayan ɗaya.

Ɗalibar_Dare:

Slm dan Allah ku yi haƙuri na shigo muku tsakiya, tawa laftof ce kuma ita komai lokaci ɗaya yake ƙamewa har Caps Lock ɗin na gwada ba ya amsawa, kuma na lura sai in na rufe murfin na buɗe ko na bar ta ta yi barci, minti kaɗan bayan ta farka sai ta tsaya, in na yi ristat kuwa sai ta wuni lafiya. ita ma dis ɗin ne Baba?

Tsohon_Makaniki:

A'a 'yata, naki daban ne, kuma kin ma riga kin yi rabin aikin tunda kin gano lokacin da take yi. Wani direba ne ko BIOS ba ya tashi daga barci da kyau. Ki shiga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ki nemi samfurinki daidai, ki sa sabon BIOS da direban chipset da na hoto da na wayales, ɗaya yau ki gwada kwana biyu sannan na gaba, kuma lokacin sa BIOS caja tana jiki kar ki taɓa ta har ta gama. Ki kashe Fast Startup a saitin wuta, domin in yana kunne Shut down ba kashewa ta gaskiya ba ce, Windows yana adana cikinsa ne ya ɗora daga inda ya tsaya, har da direban da ya rikice, Restart ne ke farawa daga tushe, shi ya sa kike ganin ta wuni lafiya bayansa. In duk ba su yi ba ki sa Linux, wata babbar manhaja kishiyar Windows, a filash ki tayar daga kansa ba tare da kin taɓa Windows ɗinki ba, ki rufe murfi ki buɗe sau da yawa ki gani. Amma ki buɗe naki zaren daban kar mu cakuɗa wa Auta nasa.

Autan_Gida:

Baba ga sakamako. SSD ɗin 05 sifili ne, tsohon had dis ma 05 da C5 da C6 duk sifili. Amma C7 na SSD na ga an rubuta 1A4, na ɗauka shirme ne sai da ƙanina ya ce ai lissafin goma sha shida ne, 420 kenan. Washegari ya koma 1C9, wato 457, a kwana ɗaya fa, kuma shuɗin akwatin yana nan yana ce min lafiya lau.

Wayar kuwa kamar kana wajen. Da na sa SSD ɗin bai zo da waya ba, sai na zare ta tsohuwar na'urar faifan DVD da ba na amfani da ita, wata ja siririya marar maƙali, kuma don murfin akwatin ya rufu sai da na lanƙwasa ta sosai daidai wuyanta. Da na buɗe jiya ɗan yatsa kawai na sa ta zame, robar bakin ma ta tsage ta gefe ɗaya. Har na kai hannu zan canza rami in canza wayar wuta in sa sabuwar manhajar SSD duk a zama ɗaya sai na tuna maganarka, na canza wayar kaɗai da mai ɗan ƙarfen nan da ke cewa ƙas in ta shiga. Sai dai wani abu, na kunna na duba C7 ɗin bai koma sifili ba yana nan a 1CB, ko ba ta gyaru ba ne?

Tsohon_Makaniki:

Ba ya komawa sifili har abada, ƙidayar tsawon rayuwar dis ɗin ce. Abin da kake so shi ne ya tsaya a 1CB ɗin kar ya ƙara ko ɗaya. Ka buɗe cmd a matsayin admin ka yi sfc /scannow da chkdsk sau ɗaya, don yawan kashewa da botin ɗin nan yana iya barin ɓarna a fayiloli. Kuma ka ce ta taɓa yin kwana huɗu lafiya da kanta, saboda haka kwana huɗu ba shaida ba ne, sai ka ninka shi sau uku ko huɗu kafin ka ce wani abu.

'Yar_Lissafi:

Hhhh waya fa! ni da na rantse ram ne. Baba na karɓi kaye.

Autan_Gida:

Yau kwana 16, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, 129 bai sake fitowa ba, C7 yana nan a 1CB ina duba shi kullum da safe kamar mai auna hawan jini. sfc ya ce ya samu wasu fayiloli da suka lalace ya gyara. Takardar tana nan manne a gefen sikirin ban cire ba tukunna, zan bar ta ta cika wata. Baban Yara maganar Windows 11 ɗin ma zan yi amma sai watan ya cika, kar in haɗa abu biyu.

Baban_Yara:

To madalla. Ni ma bari in je in duba C7 ɗin nan, don tawa ma wayar DVD ce a jiki.